Shanyar da Ba Ta Son Rana

Jirgin ruwan da ke bin gaɓar tekun Norway daga Bergen zuwa Kirkenes, can bakin iyakar Rasha, yana tsayawa a tashoshi 34, kuma kafin ya je ya dawo sai ya ci kwana 11 zuwa 12. Wannan zirga-zirga ta samo asali ne tun 1893, shekarar da kyaftin Richard With ya ɗauki alkawarin kai wasiƙu da kaya da fasinja arewacin ƙasar, dare da rana, har a watannin da rana ba ta leƙowa. Hurtigruten ake kiran layin. A rana ta huɗu da barin Bergen, bayan an wuce garin Bodo, jirgin yakan ratsa wani makeken ruwa mai suna Vestfjord, daga nan sai tsaunukan tsibiran Lofoten su bayyana a jere, baƙaƙe daga gindi, farare fat daga sama. Da daddare ake shiga Svolvaer, gari mafi girma a tsibiran, duk da mutanensa ba su wuce 5,000 ba.

In a watan Maris ko Afrilu ka zo, hanci ne zai riga ido sanin an iso. Wari ne mai kauri, na kifi da iskar teku, wanda ke kama tufa ya ƙi saki. Fasinjoji da yawa sukan rufe hanci da gyale, su ɗauki hoto biyu ko uku, su koma zauren shan shayi mai ɗumi, domin tsayawar jirgin ba ta fi awa guda ba. 'Yan gari kuwa cewa suke yi ƙamshin kuɗi ne. Abin da ke warin yana kan duwatsun bakin tasha, musamman a ɗan tsibirin Svinoya: manya-manyan rumfunan katako, wasu a shimfiɗe, wasu masu tsini sama da sun fi gidan bene tsawo, kowacce ɗauke da dubban kifaye marasa kai, rataye ta wutsiya. Hjell ake ce wa irin wannan mashanya. Wanda ya haƙura ya sauka da jakarsa, ya bar jirgi ya wuce, ya kwana biyu a garin, zai ga cewa abin da ido ke ɗauka rataye ne kawai, aiki ne mai hawa-hawa, kuma kowane hawa da iliminsa.

Ba gishiri a wannan kifi, ba wuta, ba hayaƙi. Iska ce kaɗai da sanyi. Svolvaer tana kan digiri 68 a arewa, kuma wuraren da ke daidai da ita a Kanada ko Saberiya tekunsu daskarewa yake yi. Abin da ya raba Lofoten da su shi ne igiyar ruwan ɗumi da ke tasowa tun daga mashigin Meziko, ta ratso Atilantika, ta bi gaɓar Norway. Ita ta hana tashoshin daskarewa, ita kuma ta sa daga Fabrairu zuwa Afrilu sanyin wurin ke kai-komo a kusa da sifiri, yau ya ɗan haura, gobe ya ɗan sauka. Wannan ɗan tsakanin shi ne jarin mutanen nan gaba ɗaya. Duk wadda ta taɓa shanya wanki a tsakiyar hunturun Kano ko Damagaram, ta ga ya bushe ƙarau alhali rana na ɓoye cikin hazo, ta riga ta san asalin maganar: iska mai sanyi ma tana shan ruwa.

Kifin da ake shanyawa baƙo ne. Skrei ake kiransa, wani jinsin kifin kod da ke girma a tekun Barents, tsakanin Norway da Rasha. Idan ya balaga sai ya kamo hanyar kudu a tsakiyar sanyi, ya yi iyon da ya kai kimanin kilomita 1,000, ya zo ya zuba ƙwai a ruwan Lofoten tsakanin Janairu da Afrilu. Tafiyar takan sa tsokarsa ta yi tauri, ga shi dama kifi ne da ke tara mai a hanta, ba a nama ba. Da mai maiƙo ne, da man ya lalace ya yi ɗaci kafin a yi wata guda a kan sanda. Ikon Allah, kifin da ya fi dacewa da shanya shi ne ke kawo kansa bakin ƙofa, a daidai makonnin da iska ta fi dacewa da shanya. Mutanen wurin sun daɗe da gane haka. Wajen shekarar 1120 Sarki Oystein ya sa aka gina wa masunta ɗakunan kwana a Vagan, yankin da Svolvaer take ciki, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 masunta fiye da 30,000 ke haɗuwa nan a kakar su, cikin jiragen katako marasa rufi.

Kyan busasshen kifi tun a cikin jirgin su ake samunsa ko a rasa shi. Ƙananan jirage ne galibi, masu ɗaukar mutum ɗaya zuwa uku, kuma tun kafin asuba suke fita. Wasu raga suke kafawa ta kwana, wasu mamari, wato doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, wasu kuma fatsa mai inji da ke cilla ƙugiya ƙasa tana fizgowa. Ko da wanne aka kama, da kifi ya faɗo cikin jirgi yana mutsu-mutsu, masunci zai danne shi, ya sa wuƙa a maƙogwaro, ya yanke jijiyoyin da ke kusa da zuciya, ya jefa shi cikin baho mai ruwan teku mai gudana. Gaggawar tana da dalili. Ana so zuciyar tana bugawa lokacin yankan, domin ita za ta tunkuɗo jinin waje da kanta. Jinin da ya kwanta a tsoka ya kwanta ke nan; bayan wata uku zai fito baƙin tabo, kuma daga nan ruɓa kan fara. Shi ya sa kifin da ya mutu cikin raga tun dare ba ya kai kuɗin wanda aka jawo da rai. Ko ƙugiyar hannu da ake ɗago kifi da ita daga ruwa, a ka ake soka ta, ba a gangar jiki ba.

A tasha injin ɗaga kaya yakan sauke bahunan, a auna, a tura ciki. Nan ake fiɗa. Mai wuƙa yakan tsaga cikin a miƙe har zuwa dubura, ba tare da ya huda matsarmama ba, ya zaro kayan ciki da hannu ɗaya, ya ware hanta gefe, ƙwai gefe. Hantar ita ce ake narkawa a sami man kifin nan da ake ba yara. Tun 1854 wani mai haɗa magunguna, Peter Moller, ya fito da dabarar narka ta da tururi don man ya fito fari, mara hamami. Ƙwan kuma a zuba masa gishiri da sukari a ganga. Sai a datse kai, kuma datsar ma da ƙa'ida: ana so wuyan ya fita sumul, ba rami ko zarton da ruwan sama zai maƙale a ciki. Daga nan wanki. Ana bi da ruwan teku mai sanyi a goge jinin da ke kwance jikin ƙashin baya, a tsince duk wani ɓurɓushin hanta, domin ɗan guntun da bai kai farce ba zai iya zubar da mai ya ɓata ciki duka.

Kawunan da aka datse kan gangara zuwa wani lungu, kuma can za ka tarar da ma'aikatan da suka fi ba ni sha'awa a garin: yara. Al'adar arewacin Norway ce cewa yankan harshen kifi na yara ne, daga 'yan shekara shida ko bakwai har zuwa matasa. Bayan an tashi daga makaranta sai su saka rigar leda da takalmin roba da safar hannu, kowa ya tsaya gaban akwatinsa. A kan akwatin an kafa tsinken ƙarfe, bakinsa sama. Yarinya za ta ɗauko kai da hannun hagu, ta soka tsinken a tsokar da ke ƙarƙashin haɓa, ta ja kan baya har tsokar ta miƙe, ta sa wuƙa sau ɗaya. Kai ya faɗa kwando, harshe ya zauna a tsinke. Kafin ka ƙifta ido ta ɗauko na gaba. In tsinken ya cika sai ta zare su gaba ɗaya cikin bokiti. Kilo-kilo suke sayarwa ga maƙwabta da gidajen abinci, inda ake barbaɗa musu fulawa a soya da man shanu, kuma kuɗin na yaron ne. A nan ɗan Lofoten ke koyon wasa wuƙa, da tsayuwar awa uku cikin sanyi, da gane cewa yanka mai kyau ya fi yanka mai sauri, sai daga baya saurin ya zo da kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kawunan kuma ba a zubarwa: ana zura su a igiya, a yi musu dami-dami, a rataye su ma.

Gangar jikin ita ake haɗawa biyu-biyu. Ma'aikaci yana tsaye gaban tebur, kifaye na zuwa, idonsa na neman biyu masu girma ɗaya. Ya jera wutsiyoyinsu, ya zura su cikin zoben igiya, ya juya kifi ɗaya ta tsakiya, igiyar ta murɗe ta kama. Ba ƙulli, nauyin kifin ne ke ƙara matse ta. Dole girman ya zo ɗaya, domin a kan sanda za a ɗora su, ɗaya ta nan ɗaya ta can. In wani ya rinjayi wani, sai su zame su faɗo. Kifin da ya cika girma kuwa, wanda ake tsoron cikinsa zai yi tsami kafin bayansa ya bushe, tsaga shi ake yi gida biyu daga wuya, a cire mafi yawan ƙashin baya, a bar shi haɗe a wutsiya, ya zama shi kaɗai ya cika biyu.

Sai a ɗora bahuna a tarakta a nufi mashanya. Ba ko'ina ake kafa hjell ba. Ana neman tsandaurin dutse ko bakin tsibiri inda iska ke kaɗawa ta kowane gefe, ba kwari ba, ba wurin da ruwa ke kwanciya ba. Mutum biyu ko uku sukan hau sama su tsaya a kan sanduna masu santsi, ƙafa a ware, na ƙasa suna miƙo musu kifi, wani lokaci da doguwar sanda mai baki. Ɗaurin biyu na iya kai kilo takwas ko goma, jiƙe, mai sanyin da ke ratsa safar hannu, kuma haka za a yi ta ɗagawa har duhu. Na sama ba jefawa kawai yake yi ba. Yana juya kowane ɗauri yadda buɗaɗɗen cikin zai ba wa kudu maso yamma baya, domin daga can ruwan sama ya fi zuwa. Fatar baya tana jure ruwa, ciki ba ya jurewa. Yana kuma barin tazara, don kada kifi ya taɓa ɗan'uwansa. Inda biyu suka manne iska ba ta shiga, wurin zai zauna da danshi ya yi tsami. Bayan kwanaki sai a sake zagayowa layi-layi da sanda, ana raba waɗanda iska ta haɗa.

Amma babban ilimin ba a hannu yake ba. Yana wurin wanda zai ce yau za a rataye, ko kuwa a dakata.

Makonnin farko su ne masu hatsari, lokacin da kifi ke cike da ruwa. In aka rataye sai sanyi mai tsanani ya sauko, ruwan da ke cikin tsoka zai zama ƙanƙara, ƙanƙarar ta yayyaga naman daga ciki. Irin wannan kifi zai bushe, har ma ya fi sauran cika ido, amma cikinsa ya zama soso, in an jiƙa ba ya komawa nama. In kuma aka makara har ɗumi ya shigo, ƙuda zai farka ya zuba ƙwai a wuya da ciki, tsutsa ta cinye kifin ta bar fata. In iska ta tsaya cik aka yi kwanaki ana yayyafi, tsami ne. Abin da ake roƙo shi ne sanyin da ya ɗan haura sifiri kaɗan, da iska mai motsi, da rana sama-sama, har da ɗan ruwan sama jefi-jefi, wanda ke hana fata bushewa da wuri ta kulle danshi a ciki. Dusar ƙanƙara a ƙarƙashin mashanya ma alheri ce, domin muddin tana kwance ƙuda ba ya tashi. Ana so kafin ɗumin Mayu ya zo fatar ta riga ta yi taurin da ƙuda ba zai samu wurin zama ba. Saboda haka manyan kifaye ake fara ratayewa, ƙanana su biyo baya, kuma zuwa tsakiyar Afrilu yawanci an rufe. Ko a cikin Lofoten lissafin ba ɗaya ba ne. Tsibiran Rost da Vaeroy da ke can tsakiyar teku ba su cika ganin daskarewa ba, suna iya farawa da wuri. Gabas, wajen Svolvaer, sanyi ya fi kamawa, dole a ƙara jira. Mai kamfanin da ya sayi tan ɗari na ɗanyen kifi da kuɗin banki, ya rataye shi a fili, ya san dukiyarsa na hannun sararin sama. Yana duba hasashen yanayi a waya, haka ne, amma kuma yana duba launin gajimare a kan tsauni, da inda iska ta juya da asuba, da abin da ya gani wurin mahaifinsa.

Daga nan sai jira, sai dai jiran ba na naɗe hannu ba ne. Kullum akwai mai zagayawa: ya gyara ragar da aka lulluɓa don tsuntsayen teku da hankaki, ya tsince kifin da ya faɗo kafin ya ja ƙuda, ya matsa wuyan wannan da yatsa, ya sansana wancan. A cikin kifin ma aiki ake yi. Ba ruwa kaɗai ke fita ba. Wasu ƙwayoyin halitta masu jure sanyi suna tsima naman sannu a hankali, kuma tsimin ne ke ba shi ɗanɗanon da kifin da aka busar da inji cikin 'yan kwanaki ba ya samu.

A watan Yuni ake saukewa, lokacin da rana ta daina faɗuwa a Svolvaer ko da tsakar dare. A da, 12 ga Yuni ce ranar da aka sani ta ɗibar kifi. Ana zaɓar ranar da ba danshi, a sauko da ɗaurin, a yanke igiya, a kai rumbu mai iska a jera yadda iska za ta riƙa ratsawa, ya ƙara wata biyu ko uku yana ƙarasawa. A ƙarshe abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na nauyin farko ba, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na wannan ragowar sinadarin gina jiki ne. Ya yi taurin da in ka buga shi a dutse ƙara zai yi. In an ajiye shi wuri mai iska, yana shekaru bai lalace ba.

Nan ne mutumin da duk wannan wahala ke jiran hukuncinsa yake shigowa. Vraker ake ce masa, wato mai tantancewa. Yakan tsaya kusa da ƙofar rumbu inda hasken rana ke shigowa, tsibin kifi a gabansa, kejin katako kusan ashirin kewaye da shi, kowane da darajarsa. Ya ɗauki kifi ɗaya. Kafin ya kalle shi hannunsa ya riga ya auna: nauyin nan ya dace da tsawon nan? In ya cika sauƙi, sanyi ya taɓa shi. Ya juya bayan ga haske, yana neman fata mai tsabta, mai ɗan sheƙi, ba tabon jini, ba ramin ƙugiya, ba saƙar tsuntsu. Ya buɗa cikin da babban yatsa ya leƙa, ko akwai rawayar man hanta, ko hunhuna, ko hanyar tsutsa. Ya dubi gindin wutsiya inda kifin ya kwanta a sanda, wurin da danshi ya fi daɗewa. Ya ƙwanƙwasa shi ya saurara: mai kyau ƙararsa tas take fita, wanda bai bushe ciki ba kuwa a dushe. Sannan ya kai wuyan hancinsa ya shaƙa. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙu, sai kifi ya tashi sama ya faɗa kejin da ya dace, hannu ya riga ya ɗauko wani.

Hancin shi ne makami na ƙarshe, domin akwai aibin da ido ba ya gani. 'Yan kasuwar Italiya suna kiransa mucoso: kifi ne da ke da kyau a waje, amma ranar da aka jiƙa shi sai naman ya narke ya zama yauƙi. Ruwa ba ya tsami banza. Wani ɗumi ne ya same shi a makonnin farko, kuma ɗan abin da ya bari shi ne wani tsami siriri a wuya, wanda baƙo ba zai taɓa rabe shi da warin da ya cika rumbun ba. Vraker yana rabewa. Ba a littafi ake koyon wannan ba. Mai koyo yakan yi shekaru a gefen gwani, yana jefawa ana tsamowa ana mayarwa wani keji, har ranar da aka daina tsamowa. Mutanen da suka iya aikin ba su da yawa, kuma sunan kamfani a kasuwar waje a hancinsu yake rataye. Mai saye a Italiya ba ya kwance dila ya ƙirga. Ya ga tambari da sunan daraja, ya biya.

Darajojin manya uku ne, na ɗaya da na biyu da na uku, amma a ƙarƙashinsu akwai rassa wajen ashirin, kuma sunayensu tarihin kasuwa ne: Bremer, Hollender, Westre Magro, Westre Ancona, Italia Grande. Sarkinsu shi ne Ragno, dogo siriri, wanda ya haura santimita 60, mara aibi ko ɗaya. Kama da wane ba ta wane: kifaye biyu da ni da kai za mu rantse tagwaye ne, ɗaya zai tafi Veneto a arewacin Italiya inda ake son siriri, ɗayan ya tafi Kalabriya ko Sisili inda ake son mai kaurin nama. Vraker yana ɗauke da bakin garuruwan da watakila bai taɓa takawa ba.

Yadda Italiya ta shigo maganar ma labari ne. Wani ɗan kasuwar Venis, Pietro Querini, ya taso daga tsibirin Kirit a 1431 zai kai kaya Flanders, guguwa ta farfasa jirginsa, shi da 'yan tsirarun da suka tsira suka faɗa wani ɗan tsibiri kusa da Rost a Janairun 1432. Masunta suka tsince su, suka riƙe su wajen wata uku, kuma da zai koma gida ya tafi da busassun kifaye 60. Kafin shi ma fataken Jamus sun kafa ofishinsu a Bergen tun wajen 1360, suna kawo hatsi suna kwasar kifi zuwa ƙasashen Kiristocin da ba sa cin nama ranar Juma'a da lokacin azuminsu. Har yau Italiya ce ke kwashe mafi yawan mai daraja ta ɗaya.

Bayan tantancewa sai ɗauri. Ana jera kifi kai da ƙafa a cikin injin matsa, a danne, a ɗaure da waya, a ɗinke cikin algarara, a buga tambari. Daga cikin dilolin nan akwai masu kilo 45 na kifi da masu kilo 30 na kawuna, kuma in ka karanta adireshin da ke jikin kwantena za ka ga Legas. Wannan shi ne busasshen kifin da Ibo ke kira okporoko, Yarbawa kuma panla, wanda ke tsibi-tsibi a kasuwannin Aba da Oyingbo da Sabon Garin Kano. Cinikin ya girmi 'yancin kan Nijeriya, amma ya ƙara shiga jinin mutane a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da ƙungiyoyin agaji suka riƙa shigo da shi don yaran da tamowa ta kama. Abinci ne da ba ya neman firji, ga shi ɗan kaɗan ya isa tukunya. Ba duk wanda ke kasuwarmu ne ɗan Lofoten ba. Akwai wasu jinsunan kifi, akwai kuma kawunan kifi na ƙasar Aisilan da ake busarwa a ɗaki da zafin ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Ba na jin daɗin cewa daraja ta uku, wadda ta sami tabo ko sanyi ya taɓa, ita ce 'yan kasuwar can suka daɗe suna kira da sunan Afirka. Lissafin aljihu ne ya kawo haka, amma sunan yana da ɗaci. Kan kifi kuwa maganarsa daban ce. Shi ba reje ba ne, kaya ne mai zaman kansa, kuma matan da ke dafa miyar agushi da ta ganye sun riga kowa sanin cewa daɗin romo a kai yake. Mai sayarwa zai sa zarto ko adda ya daddatsa, uwargida ta jiƙa a ruwan zafi, ta wanke, ta dafa har ƙashin ya yi laushi. Kafin Nijeriya ta buɗe wannan kasuwa, yawancin kawunan niƙa su ake yi a yi taki da abincin dabbobi.

Sana'ar tana cikin matsi yanzu. Norway da Rasha ne ke haɗuwa duk shekara su yanke yawan kod ɗin da za a kama a tekun Barents, kuma saboda kifin ya ragu, adadin ya sauko daga kimanin tan 885,000 a 2021 zuwa tan 340,000 a 2025. Ɗanyen kifi ya yi tsada, masu sayensa ɗanye don kasuwannin Turai suna takara da masu shanya, kuma akwai rumfunan da kaka ke wucewa rabinsu babu kaya. Yanayin ma ba ya tsayawa inda kakanni suka san shi. Ɗumi da ruwan sama kan shigo a makonnin da ake sa ran sanyi, sai mai ratayewa ya sake lissafin da ya gada. Akwai masu gwada busarwa a ɗaki da fanka da na'urar sanyi. Sai dai tun 2014 Tarayyar Turai ta yi wa sunan busasshen kifin Lofoten rajista, kuma sharaɗin a fili yake: duk kifin da zai ɗauki wannan suna, dole a waje ya bushe, a kan katako, a iskar tsibiran.